Dole ne sai da jar miya? Kowane wata da abin tukunyarsa

Maman_Hanifa (Garwa): Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, na kuma san wasu ba za su ji daɗinta ba. Tun da Afrilu ya kama kullum sai an shigo nan ana kukan tsadar tumatir. Ni a ganina mu muka ɗora wa kanmu. Tumatir kayan hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu yake cika kasuwa har a rasa mai saye, amma mun ce sai mun yi jar miya wata goma sha biyu. Iyayenmu abin da lokaci ya kawo shi suke zubawa a tukunya. To tambayata, a nan arewacin Kamaru da Cadi, mace za ta iya bin lokaci daga farkon shekara har ƙarshenta, tana girki da ɗanyen abin da ya yi araha a kasuwa, ba tare da an raina mata abinci a gida ba? Wadda take yi ta gaya mana yadda take yi.

Amaryar_Kusiri: Wa alaikumus salam Anti. Ki fara zuwa ki yi wa maigidana wannan bayani tukuna. Shinkafa in ba ja a kanta, sai ya tambaye ni ko wani ba shi da lafiya a gidan.

Malam_Sani87: Kullum dai mu ne masu laifi. Ni a ba ni tuwon masakwa da miyar yakuwa da kifin Lagdo, wallahi ko sunan tumatir ba zan ambata ba.

Amaryar_Kusiri: Malam Sani duk haka kuke cewa a waje.

Hajiya_Dije_Marwa: Maman Hanifa kin yi gaskiya rabi. Gyaran da zan yi miki shi ne kalmar nan taki ta "ɗanye". Iyayenmu ba ɗanye suke ci duk shekara ba, ƙasar nan ba ta ba da haka. Ruwanmu a Marwa daga Yuni ne zuwa Satumba, sauran wata takwas sama ba ta ɗiga. Abin da suke yi shi ne, lokacin da abu ya yi yawa su ci ɗanyensa su ƙoshi, su shanya saura. Da ruwa ya sauka tafasa ce ke fara leƙowa a bayan gida, ba wanda ya shuka ta. Sai lalo, sai karkashi, sai sabon ganyen kuka mai laushi wanda yaran yanzu ba su ma san ana miyarsa ɗanye ba. Agusta kuɓewa ta cika, rama da yakuwa da alayyahu da ganyen wake kowa ya gaji da su. Da kaka kabewa ta nuna, ga ɗanyar gyaɗa, a yi taushe. Nan ne kuma ake shanya, rufin kowane gida ka gan shi da tabarma. Hunturu kayan lambu su shigo. To bazara, wannan da muke ciki, dama can lokacin buɗe tulu ne a ɗebo abin da aka ajiye. Matar da ba ta yi shanya da kaka ba, yanzu ne za ta sani.

Maman_Hanifa (Garwa): Hajiya na karɓi gyara. Amma ai bazarar ma ba fanko take ba, ga albasa ga mangwaro.

Hajiya_Dije_Marwa: 'Yata albasa ba ta miya ita kaɗai, mangwaro kuma ba ya cin tuwo.

MaiLambu_Meskin: Ku ba ni dama in sa baki, tun da sana'ata ake taɓawa. Mutane na zaton mu muke ɓoye tumatir don ya yi tsada. Ba haka ba ne. Tumatir yana son rana da ɗumi, dare da sanyi. In zafi ya haura 40 kamar na Maris da Afrilu, zai yi fure, furen ya zube bai ɗaura ɗa ba, ko da kana ba shi ruwa safe da yamma. Rijiyoyin lambu kuma lokacin suke ja da baya, injin ban ruwa yana shan mai ninki. Da damina kuma laima ce ke kawo masa cuta, ganye ya ƙone, ɗa ya ruɓe tun yana jikin uwa. Shi ya sa muke yin iri a ƙarshen damina, mu dasa da kaka, mu ɗiba da sanyi. Albasa ita ma da hunturu take girma, a cire ta daga Fabrairu zuwa Afrilu. Yanzu ne take da araha, ku saya yanzu. Ku jira Oktoba ku ga yadda za a sayar muku da ita ɗaiɗai, bayan manyan motoci sun kwashe ta zuwa Yawunde da Duwala har Gabon.

Ummu_Sadiq_Njamena: Baba mai lambu, to in na sayi buhu yanzu ya zan yi kada ta ruɓe? Bara rabin buhu na zubar.

MaiLambu_Meskin: Hajiya kada ki bar ta cikin buhu, shi ne babban abin. Ki zaɓi wadda wuyanta ya bushe sarai, matsakaiciya, manya-manyan sun fi saurin lalacewa. Ki baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan gadon kara ko yashi, kada ta hau kan juna. Duk mako ki bi ki tsince mai laushi. Jar nan irin ta Galmi da gudami tamu suna jimiri, in dai ba a cika musu taki ba, kuma an tsai da ban ruwa kafin cira. Mai sayarwa ba zai gaya miki wannan ba, sai dai ki matsa wuyan da yatsa, in da danshi ki wuce.

ZainabNgaundere: Ni duk wannan lissafin naku bai hau kanmu ba. Mu nan ruwa tun Maris ko Afrilu yake farawa, sai Oktoba ya ɗauke. Gari a kan tudu, sama da mita 1,000, zafin da kuke faɗa ba mu san shi ba. Yanzu haka ga fiya ga mangwaro, ganye kuwa har ya fara fitowa. Kuka ce ma muke jira a aiko mana daga wajenku.

Malam_Sani87: Zainab kin shigo ne ki yi mana gori kawai.

Kawu_Direba: Abin da Zainab ta faɗa shi ne ya rikita lissafin Hajiya Dije, kuma mu ne muka rikita shi. Da can lokaci ɗaya ne a gari, na ƙasar da kake zaune. Yanzu kasuwar Marwa lokaci uku take ci. Da damina in lambunku ya mutu, muna ɗauko tumatir daga Fumbot can yamma, mu sauko gangaren Ngaundere da shi, mu tsaya Mbe mu ɗora doya. Dankalin Turawa yana saukowa daga duwatsun Mokolo da Mogode. Daga Ngaundere zuwa Kusiri kusan kilomita 750 ne, ga hanyar Mora zuwa Dabanga yadda take zama in ruwa ya sauka. Kwandon da ya kwana uku a bayan mota, na ƙasa ya riga ya zama miya kafin a sauke. To kuɗin wanda ya ruɓe wa zai biya? Ke mai saye. Don haka in kin ga tumatir a Agusta a Kusiri, ɗanye ne ba ƙarya, amma rabin kuɗin na gas ne da shingayen hanya.

Amaryar_Kusiri: Kawu ashe ku ne. Allah ya tsare hanya dai.

Ɗan_Abashe: Ku mutanen Kamaru kuna wahalar da kanku. Mu a Waddai mun daɗe da raba gardama da tumatir. Da sanyi ake yanka shi a shanya, a daka ya zama gari ja wur, ana kai shi har Njamena buhu-buhu. Cokali biyu a soya da mai da albasa da tafarnuwa, a zuba sharmut, wato busasshen nama, wa zai ce ba jar miya ba ce? Amaryar Kusiri gada kawai za ki haye ki samu.

Amaryar_Kusiri: Na taɓa saye, ƙasa-ƙasa nake ji a haƙori, miyar kuma ta yi duhu.

Ummu_Sadiq_Njamena: Kin haɗu da na banza ne 'yar'uwa. Kada ki sayi dakakke, ba ki san me aka haɗa ba. Ki sayi kauɗar yadda take, ki duba mai ja, ba mai baƙi ba. Ki wanke da ruwan ɗumi sau biyu, yashin ya kwanta, ki jiƙa ta yi laushi, sannan ki markaɗa da ɗanyar albasa mai yawa da tattasai. In kina da kabewa ki dafa yanki ki haɗa, ita ke kashe tsamin ta ba da kauri. Ni a kasuwar Dembe nake saye, kuma tun Fabrairu, lokacin sabuwa ce ba ta sha ƙura ba.

Goggo_Asabe: Kabewa dai ku riƙe ta. In ba ta ji ciwo ba, aka bar mata hancinta, sai ta yi watanni a ƙarƙashin gado ba abin da ya same ta.

Maman_Hanifa (Garwa): Kun gani ko? Na ce mu rabu da jar miya, kun koma koya wa juna yadda za a yi jar miya ba tumatir. Abin da nake nufi mu canza miyar gaba ɗaya. Ni jiya zogale na samu a bakin Binuwai, masu lambu na yankowa. Na dafa shi na tsane, na daka ƙuli da yaji da albasa da ɗan mai, kwaɗo ke nan da rana. Da dare kuɓewa busasshiya da daddawa. Ba wanda ya yi ƙorafi.

Nas_Balki: Anti ina bayanki, amma ta fuskar lafiya akwai abu biyu. Na farko shanya. Ganyen da aka baza a tsakar rana har ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, amfaninsa da yawa ya tafi, musamman sinadarin da ke taimakon ido. A shanya zogale da kuka da yakuwa a inuwa, ya bushe yana kore. Kuɓewa da tumatir su ne ke son rana, su ma a ɗaga su daga ƙasa a rufa musu yadi mai shara-shara saboda ƙuda. Na biyu salak da kabeji da ake ci ɗanye da hunturu. Ba kowane lambu ake bai wa ruwa mai tsabta ba, na cikin gari wasu da ruwan kwata ne. Yankinmu kuma kun san shi da kwalara. A ware ganyen ɗaya bayan ɗaya a wanke da ruwa mai kyau, gishiri kaɗai ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Wadda ba ta tabbatar da ruwanta ba, gara ta dafa kabejin.

MaiLambu_Meskin: Nas ki ƙara da na uku, ni zan faɗa da bakina. Akwai masu fesa maganin auduga a kan tumatir da ganye, su ɗiba washegari. Ba dukanmu ba, amma akwai. In kika ga farin tabo kamar alli a jikin tumatir, ko ganye ya yi kyau fiye da kima ko huda ɗaya ta tsutsa babu, ki yi tunani.

Malam_Sani87: Tun da Nas tana nan, a raba mana gardama. Mahaifiyata ta hana yara shan mangwaro sai ruwan farko ya wanke shi, wai yana kawo sanƙarau.

Nas_Balki: Malam a gaida Inna, amma mangwaro ba ya kawo sanƙarau. Ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta numfashi, tana yaɗuwa lokacin ƙura da zafi da cunkoso a ɗaki. Sun dai haɗu a wata ɗaya ne da mangwaro shi ya sa ake ɗora masa. Abin da yake jawowa gudawa ce, in yaro ya tsinta a ƙasa bai wanke ba, ko ya cika ciki da ɗanye. Nunanne kuwa alheri ne ga yara, a daidai lokacin da ganye ya yi ƙaranci.

MaiLambu_Meskin: Hasali ma bayan ruwa ya sauka ne ƙudan mangwaro ke yawa, ka yanka ka ga tsutsa. Na kafin ruwa ya fi lafiya. Wanda za a guda shi ne wanda aka nuka da kabaid, bayansa rawaya shar, cikinsa tsami, ba ƙanshi.

Hajiya_Dije_Marwa: Ku dai bar tsohuwa da dokarta. Ko ba komai tana hana su hawa bishiya su karye.

Ummu_Sadiq_Njamena: Mu nan mangwaro markaɗa shi muke yi da madara da ƙanƙara da ɗan hel, kayan ƙanshin nan na shayi, duk kan titi za ka samu. Abin da ke damuna azumi ya gudu ya bar shi. Na 2022 a Afrilu ya faɗo, kullum da shi muke buɗa baki. Na 2025 ya koma Maris, sai na farko-farko masu tsada. Kowace shekara yana ja baya da kwana 10 ko 11, yanzu hunturu ya nufa.

Goggo_Asabe: Ai gara haka. Azumin sanyi ga tumatir ga karas ga salak ga lemu, ga sabuwar tsamiya ta kunu. Mu da muka yi shi muna 'yan mata mun san daɗinsa. Sai bayan shekara 33 yake komowa inda ya bari, wanda Allah ya ba rai zai sake shan mangwaro da azumi.

Ɗan_Abashe: Na ga ana ta yabon tafasa ɗanya. Mu kawal muke yi da ita. A daka ɗanyen ganyen, a cusa a tulu, a binne tulun a ƙasa cikin inuwa, a riƙa juyawa, bayan kamar mako biyu a fitar a dunƙula a shanya. Warinsa sai mai haƙuri, amma a miya yana tsaya wa nama. Mutanen Kanem kuma suna da dihe, koren abin nan da matansu ke kwasowa a tafkunan kanwa su shanya a kan yashi. Turawa suna sayensa a kwalba da tsada, su kuwa da shi suke miyar gero tun kakanni.

ZainabNgaundere: Kawal ɗin nan maƙwabciyata ta taɓa dafawa, na zaci wani abu ne ya mutu a bayan katanga.

Ɗan_Abashe: Ku da kuke zuba daddawar batso ne za ku yi mana maganar wari?

Malam_Sani87: An ci ku Zainab, ki yi shiru.

Yar_Yagwa: Ina ta karantawa ban ce komai ba. Duk wannan tsarin na "saya da araha ki ajiye" na mai kuɗi a hannu ne da ɗakin ajiya. Wadda ake ba kuɗin cefane kullum da safe, da me za ta sayi buhun albasa? Mu kuma ambaliyar 2024 ta shiga gidaje a Yagwa, abin da aka tara ya tafi da ruwa, gonakin bakin Logon sun nutse, ko kuɓewar shanya ba a samu ba a wannan kaka. Bin lokaci yana da daɗin faɗa in lokacin ya zo yadda aka saba. Ni abin da ya riƙe ni bishiyar zogale biyu ce a tsakar gida da yakuwa a tsohon bokiti. Ruwan wanke-wanke da ba sabulu nake zuba musu.

Hajiya_Dije_Marwa: Allah ya mayar da alheri 'yata. Maganarki gaskiya ce. Amma ba sai buhu ba. Mu da muke yara, in an sayo kuɓewa ta miyar yau, sai a ware biyar a yanka a shanya. Gobe ma haka. Kafin damina ta fita an cika tulu, ba a ji fitar kuɗin ba. Ko ku haɗu ku huɗu ku sayi buhu ɗaya ku raba.

Yar_Yagwa: Amin Hajiya. Na haɗa kuɗin ya fi yiwuwa, zan taɓa matan gidanmu.

Kawu_Direba: Masu son saye da yawa a Garwa, ku daina tsayawa cikin gari. Ku fita Pitowa ranar Lahadi da sassafe, kafin 'yan sari su tare.

Amaryar_Kusiri: Wata tambaya, ku yi haƙuri da amarya. In na samu ɗanyen ganye ko ɗan tumatir, kafin yamma ya yi yaushi. Firij kuma wuta sai ta ga dama.

Nas_Balki: Ki yi na tukwane biyu. Ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin, ki rufe da jiƙaƙƙen buhu, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsatsowa yana bushewa shi ke janye zafin. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar a shekarun 1990 har ya samu lambar yabo a kanta. Da bazara ta fi aiki saboda iska a bushe take. Da damina ba ta yin sanyi sosai.

Goggo_Asabe: Gindin randa ke nan aka yi wa kwaskwarima. Can muke ajiye goro da gauta.

Malam_Sani87: Ni abin da ya ba ni mamaki, tun ɗazu ba wanda ya ambaci 'ya'yan itacen daji. Ko su ba kayan marmari ba ne sai tuffa mai takarda a jiki? Hunturu ga magarya ga kanya ga aduwa. Yanzu ga ɗorawa ga goruba ga giginya. Ruwa na sauka kaɗanya ta zubo, can gaba ɗinya. 'Ya'yana sun san sunan kowane alewa a kanti, na kawo musu taura suka tambaye ni ko dutse ne.

Hajiya_Dije_Marwa: Garin magarya har yau matan Marwa suna turara shi a ganye su yi yabande, yara na rububi. Garin ɗorawa kuma a dama da ruwa, yana riƙe ciki da rana. Amma Malam bishiyoyin ne ke ƙarewa, masu gawayi ba sa tambayar sunan itace.

Maman_Hanifa (Garwa): To ni har yanzu ban ji wadda ta ce ta shekara tana bin lokaci ba. Hajiya ta ce sai da busasshe, Kawu ya ce mota ta rushe lokacin, 'Yar Yagwa ta ce sai da kuɗi. Ni dai ina nan kan bakata, ba zan sayi tumatir huɗu da kuɗin kifi ba. Daga nan har Nuwamba gwangwani ɗaya ranar Juma'a ya ishe mu.

ZainabNgaundere: Gwangwani kuma Anti? Ke da kika buɗe zance da ɗanye?

Maman_Hanifa (Garwa): Juma'a ce Zainab, surukata ke zuwa.

Amaryar_Kusiri: Anti Ummu Sadiq, kauɗar nan a Dembe ta wane gefe ake samu? Asabar zan hayo in gada ba cunkoso. Kuma kabewar kafin a markaɗa ake dafawa ko tare ake soyawa?

Ummu_Sadiq_Njamena: Ki tambayi layin masu kayan Abashe, kowa zai nuna miki. Kabewar ki dafa ta daban ta yi lugub, ki tsane ruwan, sannan ki haɗa a markaɗe. Ki soya sosai har mai ya taso sama, in kika yi gaggawa maigidanki zai gane.